Motar da Sani Ya Lashe

Zuwa ga Yaya Hauwa,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa. Ya sanyin Jos, ya jaririya, ya maigidan naki da tumbinsa? Mu nan Kontagora lafiya lau. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, bakin ne dai ba ya hutawa.

Bayan haka, tun da kika bar mana ɗanki Sani kullum kuka yake, sai Umma. Inna ta ce in gyara masa ɗan ɗakin da muke ajiye gero, ko zai sake. Na ce kuɗin fenti fa? Ta nuna mini ƙofa. Sai na shafe bango da farar ƙasa, na rataya tsohon zanenki ya zama labule, na ɗauko tawadar allona na zana ƙatuwar mota. Na ce masa, "Ga motar da za ta kawo Umma." Kuka ya tsaya cak.

To, kin san Inna ta sabar masa da shan rubutu. Kwana uku na tarar da shi manne da bango, baki baƙi ƙirin, ya lashe tayoyin tas. Inna ta rafka salati ta ce, "Ja'iri! Ina so ya zama malami, ka shayar da shi mota? Ai sai direba!"

Shi kuwa ya koma kuka, wai ba taya, Umma ba za ta iso ba. Kullum ina zanawa yana lashewa.

Don Allah ki zo kafin tawadata ta ƙare. A gaida mai tumbi, a sa mu a addu'a.

Ƙaninki,
Bala