Carbin da Ya Riƙa Suɓuce Miki

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, tare da roƙon Allah Ya haskaka makwancinki. Na san ba mai kai miki takardar nan. Ko kina raye ma, kunya ba za ta bar ni in miƙa miki ba.

Gida lafiya. Sojoji sun koma bariki, an rantsar da farar hula. Kin tuna ranar zaɓe, da kika kasa tsayuwa a layi nan Unguwar Sanusi? Ni na fara cewa tsufa ne, kowa kuma ya ɗauka.

Inna, na gani. Na ga carbi yana suɓuce miki bayan la'asar, na ga takalmi ya fita daga ƙafarki ba ki ji ba. Na kau da kai. Ni ce 'yar fari, ba ki taɓa kiran sunana ba, ni ma ban taɓa tambayar ki jiki ido da ido ba. Rubutu na yi na wanke, na ba ƙanwata Sa'a ta kai miki.

Da muka je asibiti, likita ya ƙwanƙwasa gwiwarki da 'yar guduma, ƙafar ba ta motsa ba. Suka ɗebi ruwa a gadon bayanki. Ya ce garkuwar jikinki ce ta juya tana cin jijiyoyinki, daga ƙafa tana hawa sama, kuma akwai magani ta ƙarin ruwa, ko ga tsohuwa kamarki, in an zo da wuri. Sai ya tambaye ni yaushe ciwon ya fara. Me zan ce masa? A lokacin ciwon ya riga ya kai ƙirji.

Na san kwana ne ya ƙare, ba na ja da hukuncin Allah. Amma wadda ta gani ta yi shiru fa?

Watan jiya ƙawarki Hajiya Asabe ta Mahuta ta ce tafin ƙafarta ya mutu, kamar ta sa safa. Na durƙusa na kama ƙafafun, na yi mata duk tambayoyin da ban yi miki ba, ranar muka tafi asibiti. Irin ciwonki ne. Yanzu tana takowa har zaure da sanda.

Nata na taɓa tun tana jin hannuna, Inna. Naki ban taɓa ba sai ranar wanka.

Ki yafe mini. Allah Ya sada mu a inda babu ciwo.

'Yarki ta fari,
wadda kike kira “ke”.