Faifan birkin da Oga ya ɗaura

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara kafin Juma'a, in ta wuce shawarar ba ta da sauran amfani.

Ni makanike ne a Daura. Shekara tara na yi a garejin Ogana kafin ya ba ni 'yanci na buɗe nawa a hanyar Kongolam. A gidansa na ci na sha, matarsa da muke kira Inna ita ta tsaya tsayin daka a aurena. To wata huɗu da suka wuce na gano idonsa ya fara tafiya, na kai masa ziyara na tarar yana laluben sifana, ga ta kuwa a gabansa. Muka haɗa ido, ya ce in na faɗa wa wani bai yafe ba. Har yau ban faɗa ba, ko matata ba ta sani ba.

Ran Litinin wani direba mai akori-kura, tsohon kwastoman Oga, ya tsaya wurina. Ya ce Oga ya canza masa faifan birkin gaba, wanda muke ce wa dis, ya sa masa na hannu tare da sabon fad, wato abin da ke matse faifan, amma in ya taka birki sitiyari na rawa. Na ɗaga motar na cire taya, na goge faifan da tsumma. Sai ga tsaga siririya kamar gashi, ta taso daga ciki tana neman baki. Na ja farce a kai, farcen ya maƙale. Oga da kansa ya koya min cewa faifai in ya tsage ba a walda ba a gogewa, sai jifa, don ranar da ya ɗauki zafi da lodi a kai, darewa zai yi ba sallama.

Waɗanda ba 'yan sana'a ba ba za su gane ba, amma mu a wurinmu yaro ba ya kwance aikin Ogansa, ko da ya yi furfura. In ka yi, ka shelanta wa gari cewa hannunsa ya mutu ke nan, kuma makanikai akwai baki, kafin la'asar labari ya kai Zango. Saboda haka na ɗauki hoton tsagar a waya, na mai da taya, na ce wa bawan Allahn nan sabon fad ne bai gama zama ba. Ya yi min godiya har da miƙo goro. Wallahi na ji kunyar kaina.

Daga nan na wuce wurin Oga, na ja shi gefe na miƙa masa wayar. Ya kai ta har bakin hancinsa, ya daɗe yana kallo, ni kuwa na san ba abin da yake gani. Na ce ya bari in sayo sabon faifai in kawo, ya kira direban mu ɗaura tare a ce sabis ne. Ya ce direban ba yaro ba ne, aikin kwana uku a sake kwancewa ai dole ya tambaya. Ya ce ƙarfe ba ƙwai ba ne, zai kai wata, in motar ta dawo juyen mai sai ya canza a hankali. Da na matsa, sai ya miƙo min wayata.

“Ni na ɗaura, ni zan kwance. In ka taɓa motar nan, ka manta hanyar gidana.”

Na so in haƙura, sai da na koma gida matata ke gaya min wannan motar ce aka ɗauka za ta kai gara Mashi ran Juma'a, bikin 'yar maƙwabtanmu. Buhunan shinkafa da jarkokin mai a ƙasa, mata a kai, matata kuma da yake tana da tsohon ciki an ware mata gidan gaba. Na san direban nan, ƙafarsa da nauyi, ga hanyar ba a rasa shanu da 'yan babur masu faɗowa titi ba shiri. Ga abin da na yi, shi ne ya fi damuna. Ban je wurin direba ba, ban koma wurin Oga ba. Ce mata kawai na yi ba za ta ba. Ta tambayi dalili, na ɗaure fuska na ce umarni ne ba shawara ba, ta yi kukanta ta haƙura. Na cire tawa na bar na mutane.

Na tambayi wani malami a kaikaice bayan azahar, ya ce wanda ya ga aibin da zai iya cin rai ya ɓoye, yana da kamasho a ciki. Na san haka tun kafin in tambaya. Sabon faifan ma na saya, yana nan cikin kwalinsa a shagona, aikin awa ɗaya ne. Amma in na ɗaura, asirin da na riƙe ya tonu, kwastomomi su watse wa dattijon da ba shi da wata sana'a, ni kuma in zama butulun da ya ci tuwon gida ya fasa tukunya.

Yau da safe Inna ta aiko min da fura. Ta ce a yi min godiya, da ba za ta je kai garar ba saboda gwiwa ba ta barin ta hawa baya, amma tunda na hana matata, ita Innar aka ba gidan gaba.

'Yan uwa, in kira direban in gaya masa gaskiya, ko in koma in durƙusa wa Oga karo na biyu? In ya sake ƙi fa? Yau Laraba, kuma furar tana nan a kwano na kasa sha.