Jirgin Kawunki da Nawa

Zuwa ga 'yata Mwanaisha a Salala,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, ke da maigidanki Athman da jikokina. Allah ya ƙara muku lafiya. Mu nan Lamu kalau muke, mahaifiyarki ta warke daga ciwon ƙafa, sai ni da na kwanta ciwon kunya. Ki yi haƙuri da rubutun, kin san aji huɗu na yi, shi ma rabinsa a bakin teku.

Labari ya iso mini cewa kin tambayi kawunki Shebwana yadda ake hayar jirginsa na ruwa don hutunku. Shi kika tambaya, ba ubanki ba! Zuciya ta ɗebe ni, ranar Talata na ɗaga ƙyallen da iska ke tura jirgina da shi don in wuce nasa a gaban masu shan gahawa. Ya ɗaga murya ya ce ruwa na janyewa, na ce masa tun yana cikin tsumma nake tuƙi. Ban yi nisa ba na hau tudun yashi, jirgin ya kwanta a gefe kamar jakin da ya ƙoshi. Shi ya zo ya ja ni da igiya, Turawan da ya ɗauko suna ta ɗaukar hotona. Kafin ya jefo igiyar sai da ya sa na rantse zan rubuta miki gaskiya da hannuna.

To ga ta. Jirginsa na da rumfa da katifu, da inji idan iska ta ɗauke, har da bayan gida mai ƙofa. Kuna iya ɗaukarsa wuni ɗaya zuwa tsibirin Manda, ko kwana uku har tsibirin Kiwayu. Akwai kuma ƙananan jiragen samarin garin Shela na yawon yamma, amma kiɗa suke sakawa kamar gidan biki. Nawa kuwa kin san shi, a cikinsa kika yi rarrafe. Yana shan ruwa kaɗan, mahaifiyarki ta ce ba kaɗan ba ne, ta kuma ce jikokinta ba za su taka shi ba. Shebwana ƙaninta ne, me za ta ce? Ku ɗauki nasa. Na rubuta, alƙalamin har ciwo yake mini.

Abu ɗaya nake roƙo. Jikana Lali bai taɓa shiga teku ba. Kada hannunsa ya fara riƙe sitiyarin kawunki. Ki ba ni shi safiya ɗaya kafin ku tafi, nan kusa da gaɓa, inda ko mun nutse ruwan iya gwiwa ne.

Ki gaida Athman, da Lali, da Nuru, da surukarki Bi Mwanahawa. Za ku same ni a jirgin kawunki ma, don rantsuwar biyu ce: ni zan gasa muku kifi duk kwana ukun, ina kiran Shebwana shugaba a gaban mutane. Na fara gwada faɗin kalmar, har yanzu ba ta wuce maƙogwarona ba.

Mahaifinki mai jirgi a kan yashi,
Famau