Abin da Kika Bari a Kwandon Shara

Zuwa ga Yayata Bilkisu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ƙanwa ga yayarta, ina fatan makwancinki da haske. Mama tana nan lafiya, sai dai ƙafar nan da kika sani.

Yaya, kwamfutar da kika bari ta dawo hannuna, kuma ta cika. Jarabawar shiga jami'a ta matso, na zo saka manhajar atisaye ta ƙi shiga, wai babu wuri. Layin da ke nuna cikar ma'ajiya, wanda a da shuɗi ne, ya koma ja.

Na ɗauka littattafan soyayyata ne suka cika ta. Na zauna na goge su kaf, har da waɗanda nake ɓoye miki, ina yi ina jin kamar ƙawayena nake sallama. Layin nan ko motsi.

Sai na hau keke zuwa Sabon Gari, wurin Baba Bulus mai gyara, wanda ya taɓa canja miki batir. Da ƙyar na iya yi masa bayani, kin san ni da baƙi. Ya yi dariya, ya ce rubutu ba shi da nauyi, littafi ɗari ba sa cin wurin da bidiyo ɗaya ke ci. Ya nuna mini inda ake ganin abin da ya fi cinye wuri, ashe kwandon shara ne. Ya ce duk abin da aka goge can yake komawa ya zauna, sai ranar da aka zubar da kwandon. Har ya kai hannu zai zubar, na ce don Allah ya bari in duba a gida.

Yaya, bidiyoyina ne a ciki.

Kin tuna yadda kike ɗaukata da waya ina kwance a tabarma, kaina cikin littafi? "Jidda, ɗago ki kalli yayarki mana, wannan saurayin na takarda ba zai sayo miki awara ba." Ni kuwa sai in ja hijabi in rufe fuska. In kin juye su a kwamfuta, in bi ki da magiya sai kin goge. Ki goge a gabana, ki ce, "Shi ke nan, sarkin kunya." Ashe kin san inda suke tafiya.

Na kalle su duka. Fuskarki ba ta fito a ko ɗaya ba, sai muryarki da dariyarki, da tarin nan da muka ɗauka na mura ne. Na ƙarshe a asibiti ne a Shika, kina gado, ina kujera. Kin yi ta kiran sunana. Abin da na ce miki kawai, "Bari in ƙarasa shafin nan."

Na fito da su daga kwandon, na zubar da littattafan. Da na koma wurin Baba Bulus, ya ce in kwafe bidiyoyin a filas, ɗan abin ajiyar nan da ake soka wa kwamfuta, in goge na ciki. Na kwafe, amma hannuna ya kasa gogewar. Manhajar har yau ba ta shiga ba, a gidan ƙawata Rahila nake zuwa yin atisaye, nan bayan kasuwar Samaru. Layin yana nan ja, kwamfutar sai ta ga dama take buɗewa.

Ina jiranta ta buɗe. In kin ce in ɗago, yanzu ina ɗagowa, Yaya.

Allah Ya jiƙanki, Ya yalwata miki kabarinki, Ya haɗa fuskokinmu a Aljanna.

Ƙanwarki,
Jidda