Na tara rasit don a rage mana haraji, na tona asirin mara lafiya

Assalamu alaikum Anti Fasuma. Don Allah ki taimake ni, kwana goma sha ɗaya ke nan ko abinci ba ya min daɗi, kuma ba ni da wanda zan faɗa wa a garin nan.

Muna zaune a unguwar Dengfeng, cikin birnin Guangzhou na ƙasar China. Maigidana yana aiki a wani kamfanin tura kaya a Sanyuanli, ana cire masa haraji tun kafin albashi ya shigo hannunsa. A nan ya yi karatu, yana jin yarensu kamar ɗan gari, shi ya sa duk Bahaushen da ciwo ya kama, lambarsa ake ba shi. Shi zai ɗauki tasi ya kai mutum asibiti, ya yi masa tafinta, ya bi masa layin magani. Bai taɓa karɓar ko sisi ba, kuma ba ya faɗa wa kowa sai ni, don ni nake dama musu kunu.

Bara na ji maƙwabciyata tana cewa mai aikin taimako ana rage masa haraji in ya kawo shaida. Ni kuwa ina ganin yadda muke matsewa, ga haya, ga yara biyu. Sai na fara tsince rasit ɗin tasi daga aljihunsa kafin wanki. A bayan kowanne na rubuta sunan mara lafiya da ciwonsa, wai don shaida ta cika. Wallahi Anti faranta masa kawai na so yi.

Ranar da ya tafi tashar jiragen ruwa ta Nansha, na kwashe su na kai wa akantar kamfaninsu, 'yar China. Ba ta iya karanta Hausa ba, sai ta kira wani ɗan garinmu da ke ofishin ya karanta mata, ɗaya bayan ɗaya. A ƙarshe ta ce lokacin mutum da kuɗin tasinsa ba sa cikin abin da ake ragewa. Har ta tambaye ni ko muna biyan bashin sayen gida mai kuɗin ruwa, wai shi ana ragewa. Na dawo da kunyata.

Cikin sunayen akwai wani dattijo ɗan Nijar, bari in kira shi Alhaji Tankari, wanda ake wa wankin ƙoda yana ɓoyewa. Kafin sati, labari ya fita daga ofishin ya isa garinsu Maraɗi, masu ba shi saƙon kaya suka fara janyewa.

Maigidana bai yi min faɗa ba, da ma ya yi. Har yanzu namansa yake turo min in muna cin abinci. Amma ya daina ɗaga wayar marasa lafiya, ya ce shi ba mai riƙon amana ba ne. Ina kallon wayar tana haske, yana kifa ta. Ya zan yi in dawo da shi?

Mai nadama, Dengfeng

Wa'alaikumussalam ƙanwata. Share hawayenki. Ke dai kin yi aikin akanta ba wanda ya ɗauke ki, amma na ga son da ke cikinsa, kuma mijinki ma ya gani.

Akantar gaskiya ta faɗa miki. Abin da aka saba ragewa shi ne gudummawar da ta bi ta hannun ƙungiya mai rajista, da rasit ɗin ƙungiyar. In kuna son wannan, ku tambayi masanin haraji tare, ba a ɓoye ba. Aikin mijinki kuwa, ba a wannan ofishin ake lissafa shi ba, kuma ba ki rage masa ladan ko kaɗan ba.

Laifinki guda ne, kuma ba ƙarami ba: an ba ki asirin mutane kin rubuta shi a takarda. Shi ma yana da nasa. Ba sai kin san sunan ciwo ba kafin ki dama kunu, kuma ya kamata ya lura aljihun gidansa yana kuka. Yanzu ga shi yana hukunta kansa, amma waɗanda ke shan hukuncin su ne masu tsayuwa gaban likita ba su jin me yake cewa.

Ki daina ba mijinki haƙuri, ba shi kika fi cuta ba. Ki ce ya raka ki wurin Alhaji. Ki durƙusa ki faɗa da bakinki cewa ke kika rubuta, mijinki bai sani ba. In ya yi fushi, haƙƙinsa ne, ki shanye. Kada ki kawo uzurin haya.

Sannan kafin ku tashi, ki tambayi Alhaji wa ke raka shi asibiti tun kwana goma sha ɗayan nan. Ki yi tambayar a gaban mijinki, ki yi shiru. Amsar za ta yi abin da roƙonki ya kasa.

Allah ya ba Alhaji lafiya, ya maido masa da kasuwarsa, ya sanyaya zukatanku ku biyun.

Anti Fasuma