Shagon da Ke Cikin Kaina

Zuwa ga ƙanwata,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Allah Ya ƙara muku lafiya da rufin asiri. Mu nan alhamdulillahi. Ƙafar Innarmu ta yi sauƙi, har ta koma yi wa kowa faɗa.

Maganar 'yata Auta ce ta sa na ɗauki biro. Wata bakwai ke nan tana wajenki, kuma na san halinta, ba ta faɗa miki abin da ya raba mu ba. A shekararta ta ƙarshe a makarantar kasuwanci an koya musu tsara bayanai a kwamfuta, aka ce kowa ya nemi shago ya gwada. Ta zaɓi nawa na kayan mota. Ta ce in zauna in faɗa mata komai, wane kaya ke kan wace kanta, wane fulogi ke shiga wace mota, ita kuma ta zuba a na'ura. Wai malaminsu ya ce shagon da ke cikin kan mutum ɗaya, ranar da mutumin ya kwanta, shagon ma ya kwanta.

Kin san ni. Da tebur ɗaya na fara a bakin titi, iyakata sakandare, kuma shekara talatin ban taɓa rubuta inda na ajiye ko noti ba. A gaban makanikai na ce mata ban mutu ba tukuna da za a fara rabon gadon kaina, ta je ta koya wa malamin nata riƙe sifana. Suka kwashe da dariya. Ta naɗe wayar na'urarta a hankali, ta fita.

Ƙanwata, ranar Talata wani tsohon abokin cinikina ya nemi bel ɗin inji. Na tsaya a tsakiyar shagon da na gina da gumina, na rasa inda yake. Karo na huɗu ke nan. Likitan da na gani ya ce mantuwar nan gaba za ta yi, ba baya ba. Ko uwar Auta ban faɗa wa ba.

Na kira Auta, ba ta ɗauka ba, ban kuma ga laifinta ba, magana zarar bunu ce. Ki ce mata Baba ya ce ta zo da na'urar, zai zauna, zai faɗi komai. Ta yi sauri, tun da sauran abin faɗa.

Ki gaida maigidanki, da 'yan biyu, da ƙaraminsu mai wushiryar nan. Sunansa zai dawo mini.

Ni ne yayanki,
Mai Kayan Mota