Kai da Ke a Bakin Nuriyya

Litinin, 7 ga Oktoba, 2024

Baturen nan, marubucin wasan kwaikwayo, ya biyo ni har unguwar Bronx a New York. Shekara ɗari huɗu da mutuwa, bai gaji ba.

Na dawo daga garejin ajiye motoci inda nake aiki, na tarar da littafinsa a kan tebur, kusa da kwanon miya. Na jikata Nuriyya ne. Makarantarsu za ta yi wasansa a watan gobe. Uwarta Suweiba ta ce, "Baba, malamarsu ta ce duk yaron da ake wani yare a gidansu, da yaren zai yi babban jawabinsa. An ba Nuriyya matsayi mai kyau. Amma sai ta kai fassarar Hausa zuwa ɗaya ga wata, in ba haka ba a ba wata mai Sifaniyanci. Ni kun san Turancin asibiti na iya, wannan ya fi ƙarfina."

Na ce ita mai wasan ba ta da baki ne?

Tana tsaye a ƙofar kicin. Ta juya ta shige ɗaki.

Talata, 8 ga Oktoba

Ba zan yi ba.

Alhamis, 10 ga Oktoba

Ruwa tun safe, motoci kaɗan. Na zauna a akurkina na bakin gareji ina tunanin abin dariya. A makarantar kwana, in aka kama ka kana Hausa, sai a rataya maka allo a wuya, an rubuta banakula, ka yini da shi. Hukuncin kuma ka haddace layin wannan mutumin. Na haddace har na ƙaunace shi, wannan ce wautar. Na koyar da shi shekara ashirin da wani abu a kwaleji. Na yi zaton duk wanda ya riƙe shi a ka, duniya za ta tashi ta ba shi kujera. Ga kujerar: ta roba, a bakin gareji, ina yaga tikiti. Wani yaro mai jar mota ya taɓa ce mini in yi magana da Turanci, alhali da Turancin nake yi masa.

Yanzu kuma a New York ake roƙon a mayar da shi banakula. Allah mai iko.

Asabar, 12 ga Oktoba

Na tsaya wajen Abdoulaye. Mutumin Maraɗi ne, yana da tebur a bakin titi, huluna da safar hannu da rigunan waya. Yau na ga ya rataya jakunkunan yadi, kowacce da hoton wani mai sanƙo da ɗan gemu. Na ce ka san wane ne wannan? Ya ce, "Awo, ba wani tsohon shugaban ƙasarsu ba ne?" Na gaya masa Baturen nan ne mai wasan kwaikwayo. Ya ce, "To ko wane ne, yana da albarka, ɗalibai kamar su yi faɗa a kansa."

Ashe Suweiba ta kai ƙarata wurin matarsa. Ya ce, "Malam, mi ya hana ka taimaki yarinya? Mu ma a lakwal Faransawa sun ɗora muna nasu tsohon, mun haddace, mun manta, mun yi barci. Kai ka bar naka kamar ƙaya a tafin ƙafa, ba ka cire ba, ba ka daina ɗingishi ba."

Na ce ya sayar da hulunansa.

Lahadi, 13 ga Oktoba

Suweiba ta ce ni na rufe bakin yarinyar. Ni?

Abin da ya faru bai kai haka ba. Babbar Sallah ce ta bara, falo cike da maza. Nuriyya ta shigo da tire ta durƙusa ta ce, "Kaka, ki ci abinci." Aka fashe da dariya, Abdoulaye har da riƙe ciki. Na ce mata in ba ta iya ba ta yi shiru, kada ta mayar da ni tsohuwa a gaban mutane. Shi ke nan. Gyara na yi, aikin malami ne.

Tun ranar ba ta sake yi mini Hausa ba. Ni kuma na ce ba na amsa Turanci a cikin gida, na gaji da shi a waje. Haka muke, muna wuce juna a lungun bayi kamar 'yan haya. Da, in na shigo, cewa nake ina amaryata, ta ce tsoho ya yi mata tsufa. Da ke nan.

Laraba, 16 ga Oktoba

Ta bar littafin a kan tebur, da gangan ko mantuwa. Na buɗe inda ta naɗe takarda don in ga irin bugun da ake ba yara yanzu. Kawai.

Wasan nan ne. Kuma matsayin nan ne, na yarinyar da ta sa kayan maza. Na rufe da sauri kamar na taɓa murhu.

Juma'a, 18 ga Oktoba

Layukan sun hana ni sakat, har a sahun Juma'a, Allah Ya yafe. Na rubuta kaɗan a bayan tikitin motoci. Ba don kowa ba. Na so in ga ko Hausa za ta ɗauke shi.

Tana ɗauka. A wasu wuraren ma ta fi shi gudu, shi sai ya zagaya da layi uku, mu kalma ɗaya. A wani wurin kuma ya tsayar da ni cak. Akwai kalmar da ba kunya ba ce, ba kuma tsoro ba, wani abu ne a tsakani. Na yini ina juya ta. Wajen la'asar na tuna matata, marigayiya Tahiratu, yadda take cewa in mutum ba shi da kara, ko ya yi ilimi ƙato ne kawai. Kara. Ta zauna daidai kamar don ita aka yanka wurin.

Ko a kabari matar nan tana gyara mini aiki.

Litinin, 21 ga Oktoba

Na kwafe a takarda mai kyau na ajiye a kan tebur. Da safe babu takardar.

Laraba, 23 ga Oktoba

Ina jin ta ta bango tana karantawa. Innalillahi. Ƙ ta zama k, ɗ ta zama d, muryar a shimfiɗe kamar mai karanta sunayen tashoshi a jirgin ƙasa. Inda na rubuta ƙauna, ban san abin da take cewa ba. Na ja filo na rufe kunne. Sai na cire.

Asabar, 26 ga Oktoba

Suweiba tana aikin yini. Nuriyya ta ƙwanƙwasa mini ƙofa, ta miƙo waya, ta ce da Turanci in karanta ta ɗauka, ba sai na zauna da ita ba. Na ce da Hausa waya ba ta koyar da numfashi, ta jawo kujera.

Mun yi har azahar. Ita Turanci, ni Hausa, takardar a tsakaninmu. Na riƙe bakina iyakar iyawata. Sau ɗaya na ɗaga murya, na ga kafaɗunta sun ɗaure, sai na ce shayi nake so.

Can ta nuna wani layi ta ce me ya sa a nan na rubuta kai, alhali yarinyar da kanta take magana a zuci. Na duba. Gaskiyarta. Na ce to ai matsalar ke nan, shi Baturen yarensa ya rufa masa asiri, kalma ɗaya ce ga mace da namiji. Mu kuwa dole ka zaɓa. Yarinyar tana cikin kayan maza, kowa a wasan kai yake ce mata, 'yan kallo kuma sun san ke ce. Ni ma na rikice.

Ta dube ni ta ce, da Turanci, a hankali, "Ashe ana rikicewa."

Ban amsa ba. Ai na ce ba na amsa Turanci.

Lahadi, 27 ga Oktoba

Ban san abin da ya kai bakina ba. Na gaya mata ni ma na taɓa yin matsayin nan. Makarantarmu ta maza ce zalla, ni ne siriri mai ƙaramar murya, aka ɗaura mini zanen matar mai dafa abinci da ɗankwali. A zamanin marubucin ma haka ake yi, samari ke fitowa a mata. Namiji ya zama mace, macen ta zama namiji, shugaban makaranta yana tafi. Har na gama makarantar Gimbiya ake kirana. In na wuce, manyan ɗalibai su ce, "Ke, zo nan." Na yi dambe a kan haka, ga tabon a gira.

Ta yi dariya har ta zame daga kujera. Na manta tana da wushirya.

Na ce in Abdoulaye ya ji wannan zance, ba ni ba ita.

Juma'a, 1 ga Nuwamba

Ta kai fassarar. Malamar ta karɓa. Matsayin nata ne.

Laraba, 6 ga Nuwamba

Ƙ ta fara fitowa. Na sa ta faɗi ƙofa, ƙasa, ƙarfe, tana taɓa maƙoshi. A cikin jawabin ba ta kuskure. Amma da an rufe takarda sai ta koma Turanci. Hausar ta yarinyar wasan ce, ba tata ba. Ni ba ta ce mini ko sannu da ita ba tukuna.

Lahadi, 17 ga Nuwamba

Na ji su a kicin, ba laɓe na yi ba, gidan ne ƙarami. Tana ce wa uwarta kada Kaka ya zo ranar wasan. In ta gan ni a zaune, bakinta ba zai buɗe ba. Suweiba ta ce, "Haba Nuriyya, shi fa ya rubuta miki." Ta ce ta sani, amma in ta yi kuskure fuskata za ta nuna.

Da ma wa ya ce zan je? Ina da aiki ran Juma'a. Na ga wasan nan a hannun manya, ba sai na je ɗakin motsa jikin makaranta na ga yara suna ɓata shi ba.

Litinin, 18 ga Nuwamba

Na duba fuskar a madubin wata mota. Ban ga abin da take nunawa ba. Tsufa dai.

Alhamis, 21 ga Nuwamba

Na ce wa mai gareji gobe zan tashi da wuri, zan ga likita. Abdoulaye ya ce zai raka ni asibitin, har zai sa babbar riga.

Juma'a, 22 ga Nuwamba

Mun tsaya can baya, bayan wani ginshiƙi, inda haske bai kai ba. Wurin yana warin takalman yara. Wani yaro ya yi nasa da Bangali, wata da yaren mutanen Ghana, kakarta ta miƙe tana ihu daga kujera. Mai sanƙon nan, kowa ya ja shi gidansu, kuma ya je. Ban san me zan ce da shi ba.

Sai ta fito, da hula da wata riga da ta yi mata yawa. Ta gyara hular. Daga nan ta fara.

A tsakiya ta tuntuɓe, ta ce ka inda ya kamata ta ce ki. Cikin 'yan kallo ni da Abdoulaye ne kawai muka sani, sai uwarta. Ba ta tsaya ba. Da ta zo kan kara, ta sauke murya daidai inda Tahiratu take saukewa, ita da ba ta fi shekara biyar ba lokacin rasuwar. Abdoulaye yana ta cewa, "Wallahi ɗiyarmu ce, ɗiyarmu ce," wani Bature a gabanmu yana juyowa. Mutanen da ba su ji ko kalma ɗaya ba suka yi ta tafi.

Na so mu sulale kafin a kunna fitila, amma babbar rigar Abdoulaye ta maƙale a kujera. Kafin ya ɓalle ta, sai ga ta a guje ta ratsa mutane, hular a hannu, tana haki.

Ta ce, "Kaka! Kin zo?"

Da Hausa. Ta ji abin da ta faɗa, hannunta ya tafi baki. Na ga Abdoulaye ya ja numfashi zai fashe. Na taka masa ƙafa da dukan nauyina.

Na ce, "Na zo."

Ta ce, "Kin... ka ji ni?"

Na ce na ji, ta sa hularta, ana sanyi a waje.

Asabar, 23 ga Nuwamba

Abdoulaye yana ɗingishi, ya ce zai kai ni ƙara. Ya ba ni jaka ɗaya mai hoton mutumin, wai ta abincin rana. Na karɓa don tawa ta yage.

Da safe ta leƙo ta ce, "Gimbiya, shayi ya yi." Na ce wannan amarya ba ta da kunya. Ta ce tsoho ne ya fara. Duk da Hausa, akwai gyara wuri biyu. Shayin ya yi zafi, ban samu bakin magana ba.

Littafin yana cikin jakar. Ranar Asabar motoci ba su da yawa, shi ya sa.